Daminar da Aka Hana Kofur Tuwo

Shekarun baya, zamanin da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, lokacin da sai mutum ya hau tudu yana ɗaga ta sama kafin ya samu sabis, ni ɗan kabu-kabu ne. Na gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba, sai yayana ya karɓo mini babur irin na China ɗin nan da suka cika gari a lokacin. Ina kai mutane Dabai, Manga da sauran ƙauyukan kewaye. Wanda bai taɓa yin sana'ar nan ba ba zai gane ba, amma fasinja in ya hau bayanka, da yake ba ya ganin fuskarka, sai ya buɗe maka cikinsa gaba ɗaya. Shi ya sa kowane ɗan kabu-kabu yake jin kansa alƙali ne. Ni nawa ma ya fi na kowa, don babu maganar da za a tayar a tasha ban sa baki ba.

Mahaifiyata tana da rumfar abinci a bakin tasha. Koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwon dawa da yamma. A bayan rumfarta akwai wata tsohuwar rumfa da masu ita suka bari, rabin kwanon rufinta ya yaye. A nan wani mutum yake kwana, kuma kowa Kofur yake ce masa.

Badakkare ne, ɗan asalin yankin nan, dogo, tsohon soja. Ba mahaukaci ba ne, kuma bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Abin da muka ji shi ne an tura su kwantar da tarzoma a wata ƙasa can bakin teku, ya dawo ba daidai ba, daga baya aka sallame shi daga aiki. Matarsa ta kwashe yara ta bar shi. A Zuru da wuya ka samu unguwar da babu soja, don haka kowa ya san yadda soja yake dawowa gida: da akwatuna, da rediyo, da bandir na kwanon rufi a saman mota, ya je ƙauyensu ya tayar da gini. Shi kuwa da jaka ɗaya ya sauka a tasha. Motar Manga, garinsu, tana nan tana lodi a gabansa, bai shiga ba. Washegari ma bai shiga ba, a haka har ya zama ɗan tasha.

Da koko mahaifiyata ta fara. Daga koko aka koma tuwo, daga tuwo aka kai ga tabarma, sabulu, silifa, bargo lokacin sanyi, gidan sauro da damina, da maganin zazzaɓi in ta ga yana rawar jiki. Yadda yake karɓa ne ya sa ba na manta shi. Kullum da safe, da zarar ta hura wuta, zai zo ya riga ya wanke fuska, ya cusa tsohuwar rigarsa cikin wando, ya ƙame a gefen rumfa hannuwa a cinya. Ba zai yi magana ba sai ta ce masa ga rashan ɗinsa. Shi ne ya fara kiran abincin da rashan, irin na bariki, ita ma ta ɗauka. Sai ya sara mata, ya karɓa, ya koma rumfarsa ya ci. Bai taɓa zama a benci tare da masu saye ba.

Ta gwada ba shi aiki. Ta ce ya riƙa fasa mata itace yana ɗebo ruwa, ta biya shi. Yakan yi kwana biyu kamar inji, sai taya ta fashe a tasha ko salansar wani babur ta yi ƙara, shi ke nan. Zai ajiye gatari ya zauna yana kallon wuri ɗaya har la'asar.

Ina da wani aboki mai faci a tashar, shi ne babban mai sukar wannan lamari. Kullum in na je shan iska a taya sai ya tayar da maganar. A ganinsa mahaifiyata ba taimakon Kofur take yi ba, ɗaure shi take yi. Mutum da hannu biyu da ƙafa biyu, yana da gona a garinsu, me zai kai shi gida alhali tuwo da sabulu da gidan sauro suna iske shi har inda yake kwance? Ya ce sabon silifan da aka ba shi ma a gidan burkutu ya ƙare. Wannan kam gaskiya ne, don ni ma na ga silifan a ƙafar wani. Da na kai wa mahaifiyata labari, ina jiran ta yi faɗa, sai ta nemo wani tsohon takalmin yayana ta aika masa.

"Ni dai ban iya kallon mutum shina tahiya cikin tasha ba takalmi, ga ƙusoshi ko'ina," ta ce. "In ya sai da wanga, shi da Allah."

Ni kuwa da safe ina bayan mahaifiyata, da rana ina bayan abokina. Duk wanda na zauna da shi ƙarshe, shi ne mai gaskiya a wurina.

Ana nan, wata rana a ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa, na ɗauko wata mata daga Manga. Ta ce in kai ta wurin mai tuwon da take ciyar da Kofur. Ban gaya mata uwata ce ba, na dai ja babur, ita kuma ta fara magana a bayana. Ƙanwarsa ce, ciki ɗaya. Mahaifinsu ya rasu ya bar masa gona a jikin dutse, irin wadda ake jera duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Damina ta wuce, wata ta wuce, ba a sa mata fartanya ba. Yanzu dattawan gida sun yanke cewa in bai zo ya shuka ta bana ba, za su ba ɗan baffansu aro. Aron gona kuwa a wurinsu shigarsa da sauƙi, fitarsa sai an ɓata zumunci. Ita mace ce, tana gidan miji, ba ta da ikon riƙe masa. Ta sha zuwa tashar ta same shi. Zai gaishe ta, ya tambayi yara, ya ce yana nan tafe, kuma ba ya zuwa.

Ta ce in da na san shi da can, da ban yarda shi ne ba. Lokacin golmo, wato noman da samarinsu suke haɗuwa su yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba su aure, shi ne kan gaba. In ya kama kunya, babu mai cim masa. Tana faɗa, ni kuma ina ta kauce wa ramuka ina cewa Allah sarki.

Da muka iso ta durƙusa gaban mahaifiyata, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban masu cin abinci.

"Mama, na gode, Allah ya biya ki," ta ce. "Amma don Allah ki daina ba shi. In ya ji yunwa zai tuna gida."

Mahaifiyata ta daɗe riƙe da mara a hannu tana kallonta. "Ɗiyata, kin san abin da kike roƙona kuwa?"

Ta ce ta sani. Ta ce ita ma ba ta yi barci ba kafin ta zo. Fastonsu ya ga dacewar haka, dattawan gida ma haka. Zuwa ƙarshen shuka kawai take nema, in bai koma ba, Mama ta ci gaba da abin da take yi.

Ba za ka ji matar nan ka ce muguwa ce ba. Kuma lissafin ya zauna daidai a kan kowa: Manga ba nisa, ko a ƙafa Kofur zai je. Manomi in ruwan fari ya sauka, ya ji ƙamshin ƙasa, ga yunwa a ciki, ina zai nufa in ba gona ba? Abokina ya ce abin da yake faɗa ke nan tun tuni. Ni ma na yi dogon jawabi, wanda ba wanda ya tambaye ni. Aka bi sauran masu abinci na tashar aka roƙe su su ma su riƙe hannu. Mahaifiyata ce ta ƙarshen yarda, kuma ta yarda ne don mai roƙon jininsa ce. Ta ce ita bare ce, ba za ta fi 'yar uwarsa sonsa ba. Aka kuma ce kada a gaya masa dalili, don in ya san dabara ce zai yi taurin kai.

Washegari ya zo ya ƙame kamar kullum. Ina zaune a kan babur ina kallo. Mahaifiyata ta juya masa baya tana gyara itace a murhun da ba ya bukatar gyara, sannan ta ce, "Kofur, yau babu rashan." Ya sara mata, ya juya, ya tafi. Bai tambayi dalili ba. Gari ya sake wayewa ya sake zuwa, ta sake faɗa masa. A 'yan kwanakin nan mahaifiyata ta zuba gishiri sau biyu a miya har masu saye suka yi ƙorafi, abin da ba ta taɓa yi ba. Tuwon da ya rage da yamma kuwa sai ta rasa yadda za ta yi da shi.

Sai wata safiya bai zo ba. Muka leƙa rumfarsa, an share ta fes. An ninke bargon nan kusurwa huɗu, an ɗora gidan sauro a kai, tabarma a naɗe a jingine. Kwanonsa a wanke, a kife a ƙofar rumfar mahaifiyata. Tasha ta ɗauki murna, Kofur ya tafi gida. Abokina har da tafa mini hannu. Na tayar da babur na nufi Manga a guje, ina tsara yadda zan ba da albishir, ina ma sa ran tukwicin kaza. Na iske ƙanwar tana shara a tsakar gida. Da ta ga fuskata cike da fara'a ta saki tsintsiya ta leƙa bayana, tana neman wanda na ɗauko. Ba wanda ya gan shi a Manga.

Wani tsohon saje mai ritaya da yake cin tuwo a wurinmu shi ya fassara mana abin da muka gani. Ya dubi bargon da aka ninke ya girgiza kai. Ya ce mun yi wa Kofur lissafin manomi, alhali soja ne. Soja in aka yanke rashan a inda aka ajiye shi, abin da ya sani shi ne an rufe wurin, ba a bukatarsa. Sai ya share, ya miƙa kayan da aka ba shi, ya kama hanya. Ya ce a wurinsa sallama ce ta biyu, kuma wanda ta farko ta hana shi shiga garinsu, ta biyu ba za ta kai shi can ba.

Daminar nan ta yi mana tsawo. Duk direban da ya shigo tasha sai na tambaye shi, duk fasinjan da ya hau bayana sai na kwatanta masa dogon mutum mai tafiya kamar yana fareti. An ce an gan shi a hanyar Rijau, na je, ba shi ba ne. Shuka ta wuce, aka ba ɗan baffan gonar. Ƙanwar ta daina maganar gona ma sam, ɗan uwanta take nema, ko da rai ko babu. Kowace ranar kasuwa sai ta zo ta zauna a bencin mahaifiyata. Ban taɓa jin ɗayarsu ta ɗora wa ɗaya laifi ba. Sukan gaisa, in ruwa ya sauko kuma su duka biyun su zuba wa tsohuwar rumfar nan ido. Na san abin da suke tunani, don ni ma shi nake tunani: a ina ruwan nan yake dukansa.

Sai dab da kaka wani direban bas mai zuwa Danko ya ce ya ga wani mutum yana ƙamewa a gaban wata Bafulatana mai fura a kasuwar can, tana zuba masa a ƙoƙo. Ranar kasuwa ta gaba na tafi. Na same shi a bayan rumfar masu hatsi, zaune a kan kwali, ya yafa buhu. Ya rame ƙwarai, ƙafafunsa sun kumbura, yana tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ya gane ni tun kafin in kashe babur. Ya yunƙura zai miƙe, na riƙe shi.

"Ɗan Mama," ya ce, "wane laifi na yi? Ba a karanta mini caji ba."

Watanni ke nan yana ɗauke da wannan tambayar. Na tsugunna na gaya masa bai yi laifin komai ba. Ƙanwarsa ce ta roƙa, don yunwa ta kai shi gida ya riƙe gonar mahaifinsu, mu kuma muka ga kamar hakan zai yi. Ya murza bakin buhun da yatsu.

"Gida," ya ce. "Da wane kaya zan shiga?"

Duk surutuna, ranar nan abin da na iya ce masa kawai shi ne Mama ta ce a gaya masa an buɗe rashan. Ba ta aiko ni da wannan ba, amma na san ba za ta ƙaryata ni ba. Ya ninke buhun, ya je ya sara wa mai furar, ya hau bayana. Duk tsawonsa, ban ji nauyin mutum a babur ɗin ba har muka iso Zuru.

Da mahaifiyata ta gan shi sai ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido. Aka kai shi asibiti, ya sha magani mai tsawo, tarin ya lafa. Ya koma rumfarsa, aka mayar masa da bargonsa da gidan sauronsa. Ƙanwar ta zo, suka zauna a tabarma ɗaya suna magana da yarensu ƙasa-ƙasa. Ban ji abin da suka ce ba, amma daga ranar ba ta sake ce masa ya koma gida ba.

Bayan an yi girbi ta dawo da ƙwarya a kai. A al'adarsu wanda ya ari gona yakan ba mai ita 'yan damman dawa, don a san har yanzu tasa ce. Ita ta je ta karɓi na yayanta, ta sussuke, ta kawo wa mahaifiyata. Ta ce a riƙa yi masa tuwo da ita, kada a gaya masa. Mahaifiyata ta kai niƙa daban, ta tuƙa masa a 'yar tukunya daban. Da yamma ya dawo da kwano a wanke, ya ƙame, maimakon ya juya sai ya tsaya.

"Mama, wannan jar dawar kan dutse ce," ya ce. "A gaya wa mai noma ta cewa ya yi gaggawar yanka, ba ta gama nuna ba."

Ba a jima ba ya tare ni da kansa ya ce in kai shi Manga. Na ce a raina yau dai zai shiga gida. Amma kafin mu shiga gari ya taɓa kafaɗata ya nuna wata 'yar hanya. Muka tsaya a gindin wata ɗorawa a ƙasan dutsen. Ya daɗe yana kallon gonar, ba komai a cikinta sai kara. Can ya ce ruwa ya rushe jerin duwatsu a kusurwar gabas. Ya cire riga ya hau. Na zauna a inuwa ina kallonsa yana ɗauko duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa, yana haki, yana hutawa, har rana ta karkata. Rufin gidajen garinsu ga su can ana hangowa, ko sau ɗaya bai juya wajen ba. Da ya gama ya sauko, ya sa rigarsa, ya cusa ta cikin wando, ya ce mu koma.

Haka muka riƙa yi duk bazara, shekarun da suka rage masa. Gonar ta ci gaba da zama a hannun ɗan baffan, shi kuma bai sake kwana a Manga ba. Wata safiya mahaifiyata ta hura wuta, ta dama koko, ba ta ga kowa a gefen rumfa ba. Ba ta jira ba, ta tura ni in duba. Na iske ya cika. Kafin azahar na ɗauko ƙanwarsa, kafin rana ta faɗi 'yan uwansa sun kai shi gida.

Har yau abokina yana kan bakansa. Yana cewa da mahaifiyata ba ta miƙa masa kokon farko ba, da tun makon da ya sauka a tasha yunwa ta sa shi shiga motar Manga, kafin kunyar ta yi kauri. Wataƙila yana da gaskiya, ba ni da yadda zan gwada. Na dai ga abin da ya faru da aka hana, na ga inda na tsinto shi. Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa shiga gardamar ba. Takan ce ita tuwo ta iya tuƙawa, ba ta iya mai da mutum gida ba.

Na daina kabu-kabu da daɗewa, surutun ma ya ragu. In na ji ana musu a kan ko ba irin mutanen nan abinci da bargo taimako ne ko ɓata su ne, nakan yi shiru, don duk ɓangarorin biyu na taɓa zama a cikinsu, kuma duk da kyakkyawar niyya. Sai dai ina tuna ranar da ƙanwarsa ta zo yi wa mahaifiyata godiya bayan an gama zaman makoki. Ta durƙusa a daidai wurin da ta taɓa durƙusawa, ta riƙe hannunta.

"Mama, tuwonki bai kawo shi gida ba," ta ce. "Amma da babu shi, da ban san inda zan je in ɗauko gawarsa ba."